Gonakin cikin ruwa na matan Zanzibar: yadda zafi ya tona raunin noman mwani

A gabashin Unguja, babban tsibirin Zanzibar da ke ƙasar Tanzaniya, akwai noman da ba ruwansa da damina, wata yake bi. A kwanakin tsayuwar wata da kwanakin da ya cika, Tekun Indiya kan ja da baya sosai, har ya bar fili mai faɗin fiye da kilomita guda a gaban ƙauyukan Paje da Jambiani, ruwan da ya rage bai wuce gwiwa ba. Mutanen wurin suna kiran waɗannan kwanaki bamvua. A lokacin ne mata ke shiga ruwa da buhuna da igiyoyi, su zauna tsakanin layukan turaku suna ɗaura wani tsiron teku mai santsi da rassa masu kauri, wani ja-ja, wani kore-kore. Da Swahili sunansa mwani. 'Yan awoyi kawai gare su kafin ruwa ya dawo ya kore su.

Fiye da shekara 30 wannan sana'a tana ciyar da gidaje. Masu yin ta sun haura mutum 20,000, kusan kashi 80 cikin 100 mata ne, kuma ta daɗe cikin manyan hanyoyin da Zanzibar ke samun kuɗin waje, bayan yawon buɗe ido da kanumfari. Yau tana tangal-tangal. Dalilin da aka fi faɗa shi ne ruwa ya yi zafi, kuma gaskiya ne. Amma wanda ya bi lamarin daga tushe zai ga cewa zafin ya tarar da sana'ar da aka kafa a kan iri biyu kacal, a wuri ɗaya mara zurfi, da masu saye 'yan ƙalilan, kuma duk asarar da za ta faɗo an riga an ɗora ta a kan matar da ke zaune cikin ruwa.

Yadda aka fara

Mwani ba shi da saiwa, ba ya fure, ba ya 'ya'ya. Dangin gansakuka ne, da dukan jikinsa yake tsotsar abinci daga ruwan da ke ratsa shi, ya haɗa da hasken rana. Masana sun kasa tsiron teku gida uku, da kore da ruwan ƙasa da ja, kuma wanda ake nomawa a Zanzibar daga jajayen yake, ko da ido ya gan shi kore. Nomansa ba ya buƙatar taki, ba ya buƙatar ban ruwa, ba ya cin filin kowa. Ga matar da ba ta gaji ƙasa ba, ba ta kuma da jari, wannan ba ƙaramin al'amari ba ne.

Tun kafin a fara shuka shi, mutanen gaɓar suna tsintar wanda ya tsira da kansa, 'yan kasuwa su saya su fitar da shi Turai. Wanda ya dage kan cewa a noma shi shi ne Farfesa Keto Mshigeni na Jami'ar Dar es Salaam. Ya yi digirin digirgir a Jami'ar Hawai, inda Maxwell Doty yake koyarwa, mutumin da ya jagoranci fara wannan noma a Filifin. Mshigeni ya dawo gida yana wayar da kan jama'a, aka yi gonakin gwaji a farkon shekarun 1980, amma abin bai kai ga kasuwa ba sai a 1989, lokacin da kamfanoni masu zaman kansu suka shigo da iri daga Filifin suka dasa a Paje da Jambiani. Iri biyu ne suka zauna. Ɗaya 'yan kasuwa na kiransa cottonii, masana kuma Kappaphycus alvarezii. Ɗayan spinosum, wato Eucheuma denticulatum. A riƙe waɗannan sunaye biyu, domin kusan duk labarin a tsakaninsu yake.

Aikin kansa ba shi da wuyar koyo. Ana kafa turaku biyu a yashi, a miƙa igiyar nailan a tsakaninsu, a ɗaura ƙananan yanka na mwani a jikinta da zaren leda da suke kira taitai. Bayan kamar mako shida kowane yanka ya zama curi. Sai a kwance, a ware na iri, a jawo sauran zuwa gaɓa cikin buhu, a shanya. Rana ke cinye mafi yawan nauyin: sai an ɗauko kilo takwas zuwa goma na ɗanye kafin a samu kilo guda na busasshe. Maza da yawa sun gwada a farkon zuwansa suka bari, domin su da kamun kifi ko aikin otal ke ba su kuɗi a hannu ranar, jiran mako shida kan kuɗi kaɗan bai yi musu ba. Haka sana'ar ta zama ta mata a Unguja.

Kuma ta yi musu rana. Daga kimanin tan 800 a 1990, abin da Zanzibar ke fitarwa ya kai kimanin tan 15,000 a 2012, Tanzaniya ta zama kan gaba a Afirka a wannan noma. Matan da ba su taɓa riƙe kuɗin guminsu ba suka fara biyan kuɗin makaranta, suka sayi kwanon rufi, suka yi wa kansu da 'ya'yansu sutura ba tare da jiran miji ya dawo daga teku ba. Masu binciken da suka zauna da su sun ruwaito cewa har maganar cikin gida ta sauya, domin wadda ke kawo cefane ana jin ta bakinta. Duk abin da zan faɗa nan gaba na raunin sana'ar, bai share wannan ba.

Inda buhun yake zuwa

Mutanen Zanzibar ba su saba cin mwani ba a da. Kusan duk abin da aka noma ana danne shi cikin dila a loda a jirgin ruwa zuwa masana'antu a Denmak da Amurka da Faransa da Asiya. Can ake tatso wani sinadari daga jikinsa mai suna karajinan, wanda ke sa abu mai ruwa ya yi kauri ko ya daskare. Shi ke hana koko kwanciya a gindin kwalbar madara mai cakulan, shi ke sa askirim ya yi laushi, shi ke riƙe man goge baki kada ruwansa ya rabu da garinsa. Ana sa shi a naman gwangwani da kayan shafa, ana kuma yin kwanson magani da shi a madadin jelatin da ake samu daga ƙashi da fatar dabba, abin da ke da muhimmanci ga duk mai kula da halaccin abin da yake haɗiya. A jikin kwalin kaya ana rubuta shi da lamba E407. Mutum zai iya shekaru yana amfani da shi kullum bai taɓa ganin teku ba.

Irin biyu ba karajinan ɗaya suke bayarwa ba. Na cottonii, da ake kira kappa, yana daskarewa da ƙarfi, kuma shi masana'antu suka fi nema. Na spinosum, iota, mai taushi ne, kasuwarsa ƙarama. Shi ya sa farashin cottonii kan ninka na spinosum ko ya kusa. Shekaru da yawa kilo guda na busasshen spinosum bai kai rabin dalar Amurka ba a hannun manomiya, kuma a tuna kilo nawa na ɗanye ta ɗauko a ka kafin ta samu wannan kilon.

Tsarin sayen ma ya ɗaure ta tun farko. Kamfani ke ba da igiya da taitai da iri, da sharaɗin shi kaɗai za a sayar wa, kuma shi ke yanka farashi. Daga baya an sassauta, manomiya ta samu damar sayar wa wanda take so, amma sai sayen kayan aiki ya dawo wuyanta, masu sayen kuma ba su ƙaru da yawa ba. A kasuwar duniya Indonesiya da Filifin ke da rinjaye, su ke noma mafi yawa, masana'antu kuma na kusa da su. Zanzibar na nesa, kuɗin jigila na da yawa, kuma daga kuɗin manomiya ake rage shi.

Lokacin da rassan suka fara fari

A farkon shekarun 2000 cottonii ya fara mutuwa a gonakin gaɓa. Reshe zai yi fari fat, ya yi laushi, ya karye, igiyar ruwa ta tafi da shi. Manoman Filifin sun daɗe da sanin wannan cuta, suna kiranta ais-ais. Ba ƙwayar cuta ɗaya ke kawo ta ba. Tsiron ne ke galabaita idan zafi ya yi yawa ko gishirin ruwa ya sauya farat ɗaya, sai ƙwayoyin bakteriya da ke zaune a jikinsa tun da can su samu ƙofa. Bayan ita kuma ga wasu ƙananan tsirrai masu kama da gashi da ke tsira a jikin mwani, su huda fatarsa, su tare masa haske, su hana shi girma.

Mwani ya fi jin daɗin ruwa mai ɗumin digiri 25 zuwa 30 a ma'aunin Salshiyas. Dakta Flower Msuya, wadda ta yi shekaru a Cibiyar Nazarin Teku ta Jami'ar Dar es Salaam da ke Zanzibar tana bin wannan noma, ta ba da rahoton cewa zafin ruwan gonakin da ba ya wuce digiri 31 a shekarun 1990 ya koma yana kaiwa 37 zuwa 38. Ba tekun gaba ɗaya ne ya ƙaru da digiri bakwai ba. Matsalar wurin ce. A wannan gaɓa janyewar ruwa mafi girma kan faɗo ne daga hantsi zuwa tsakar rana, ruwan da ya saura ɗan kaɗan ne, ba ya gudu, rana na dukansa kai tsaye. A watannin iskar kaskazi, daga Disamba zuwa Maris, lokacin da zafi ya fi tsanani, gonar kan koma kamar ruwan da aka bari a faranti a tsakar gida. Da an fita daga wannan sai ruwan sama na masika ya sauko ya tsarma gishirin. Abin da ya sa wurin ya dace da mace mai tafiya da ƙafa, wato rashin zurfi, shi ne ya sa ya zama tarko ga tsiron.

Spinosum ya fi juriya, don haka manoma suka koma kansa. Adadin tan bai faɗi nan take ba, kuma wannan ya ɓoye girman ɓarnar ga mai kallon alƙaluma daga ofis. Abin da ya faɗi shi ne kuɗin da ke shiga hannu: aiki iri ɗaya, nauyi iri ɗaya, rabin kuɗi. A Paje mata da yawa sun ajiye igiya suka koma sayar da kaya ga 'yan yawon buɗe ido ko wanki da shara a otal. Daga baya spinosum ɗin ma ya fara nuna alamun gajiya a watannin zafi. Yau mafi yawan mwanin Zanzibar daga tsibirin Pemba yake fitowa, inda gaɓar ta fi zurfi a wurare da dama, inda kuma maza suka fi shiga noman.

Akwai abin da ba a cika faɗa ba game da irin. Tun 1989 ba a hayayyafa shi ta hanyar aure tsakanin tsiro da tsiro ba, yanka ake yi daga yanka. Ma'ana dubban gonaki kusan tsiro ɗaya ne aka yi ta rarrabawa shekara da shekaru. Idan wannan tsiron ba ya jure digiri 35, to babu ko ɗaya a cikin gonakin da zai jure. Babu wurin ajiyar iri da manomiya za ta je ta sayi sabo mai lafiya, daga gonarta ko ta maƙwabciya take ɗiba, da cutar da komai. A ganina wannan ne rauni mafi girma, kuma shi aka fi jinkirin kulawa da shi. Shirin bincike na GlobalSeaweedSTAR, wanda Birtaniya ta ɗauki nauyi daga 2017, ya haɗa masana na Tanzaniya da Filifin da Malesiya kan wannan matsala ta iri da cututtuka, har da neman nau'in gida na gaɓar Afirka ta Gabas da zai fi jure yanayin wurin.

Jikin manomiyar ma ya biya nasa. Binciken da masana daga Jami'ar Stockholm suka buga a 2012 ya tarar da ciwon baya da na gaɓoɓi, da ciwon ido daga ƙyallin rana a kan ruwa, da matsalar fata, da raunuka daga ƙayar bushiyar teku da kifaye masu dafi sun fi yawa a tsakanin masu noman mwani fiye da sauran matan ƙauyukan. Ba a lissafa wannan cikin farashin kilo.

Gonar da maƙwabtanta na cikin ruwa

Masu tallata noman tsiron teku kan yi maganarsa kamar ba shi da wani aibu ga muhalli. Lamarin Zanzibar ya nuna abin ya fi haka sarƙaƙiya, kuma nan ne na fi so mai karatu ya tsaya.

Filin da ake kafa turakun ba fanko ba ne. A wurare da yawa shimfiɗar wata ciyawa ce mai saiwa, wadda ita tsiro ce ta gaske mai fure, dabam da mwani. Saiwarta ke riƙe yashi kada ruwa ya kwashe shi, cikin ganyenta ƙananan kifaye ke fakewa har su girma su fita zuwa duwatsun murjani, a ƙarƙashinta kuma akwai tsutsotsi da dodon koɗi da ƙananan halittun da kifi ke ci. Binciken da Johan Eklöf da abokan aikinsa suka yi a mashigin Chwaka a tsakiyar shekarun 2000 ya nuna cewa a ƙarƙashin gonakin mwani wannan ciyawa ta ragu, halittun cikin yashin ma sun ragu. Inuwar mwani na tare mata haske, ƙafafu na tattake ta, wasu manoma kuma tuge ta suke yi don share wuri. Turakun ma daga daji ake saro su, wani lokaci daga itatuwan mikoko na bakin ruwa, waɗanda su ne katangar gaɓar.

A ɗaya ɓangaren, gonar na tara rai. Kifin da ake kira tasi yana son mwani ƙwarai. Ga manomiya ɓarawo ne mai cinye mata amfani, ga mijinta mai kafa tarkon kwando na madema a gefen gonar kuwa abinci ne da kuɗi. Tsiron na zuƙe sinadaran naitirojin da fosforas da ke gangarowa daga ƙauyuka da otal-otal, waɗanda in sun yi yawa suke ɓata ruwa. Matar da ke samun kuɗi daga igiyarta kuma ba ta matsa wa kifin teku mai ƙafa takwas da koɗin gaɓa lamba kamar da.

Sai batun baƙon iri. Rassan da suka karye ba duka suke mutuwa ba, wasu kan maƙale a dutse su ci gaba da rayuwa. Binciken ƙwayoyin halitta ya gano cewa spinosum ɗan asalin Asiya ya bazu a wajen gonaki a Zanzibar, har a wasu wurare ya fi na gida yawa. A mashigin Kaneohe na Hawai, inda aka shigo da irin waɗannan tsirrai a shekarun 1970 don gwaji, sun lulluɓe murjani har sai da aka riƙa zuƙe su da inji. Wannan ya isa ya sa a sa ido. Ya kuma ƙara nauyin hujjar neman irin gida, domin wanda ake fata zai ceci noman shi ne wanda baƙon ke neman danne wa.

Game da cewa noman mwani na rage iskar kabon da ke ɗumama duniya, ina ganin a yi hattara. Gaskiya ne yana zuƙar ta yayin girma, amma idan aka tatse shi aka ci, ko ya ruɓe, mafi yawanta komawa sama take. Darajar wannan noma tana cikin abincin da yake sa wa a tukunya da abin da yake yi wa ruwan gaɓa, ba ya buƙatar a ƙara masa da alƙawarin da ba zai cika ba.

Abin da aka gwada

Mafita ta farko a bayyane take: a matsa da gonar zuwa ruwa mai zurfin 'yan mitoci, inda ya fi sanyi kuma yake gudu. An gwada igiyoyi masu shawagi da aka ɗaura wa robobi, an kuma gwada wata raga mai siffar bututu da aka aro daga Barazil, wadda ake cusa irin a ciki don kada igiyar ruwa ta tsinke shi. Cottonii ya yi kyau a can. Sai dai zuwa can na buƙatar kwalekwale, sau da yawa da inji da mai, yana kuma buƙatar iya iyo, alhali yawancin matan gaɓar ba a koya musu ba duk da a bakin teku aka haife su. Ƙungiyar Panje Project da ke Nungwi ta fara koya wa mata da 'yan mata iyo cikin suturar da ta rufe jiki, abin da ya sa iyaye da mazaje da dama suka amince. Aiki ne mai kyau, amma matar da ta haura hamsin, wadda ta yi rabin rayuwarta a kan taitai, ba lallai ta fara koyon iyo yanzu ba.

Mafita ta biyu ita ce kada a sayar da shi ɗanye. A 2006 Dakta Msuya ta kafa haɗakar Zanzibar Seaweed Cluster Initiative, wadda ta koya wa ƙungiyoyin mata, farawa da na ƙauyen Kidoti, niƙa mwani ya zama gari, a yi sabulu da man shafawa da lemo da kek. Kilon gari na kawo ninkin-ba-ninkin kuɗin kilon busasshe, kuma ta wannan hanya mutanen tsibirin suka fara cin abin da suka daɗe suna nomawa. Iyakarta ita ce kasuwa. Sabulun da baƙi za su saya ba zai shanye tan dubbai ba, kuma fitar da shi waje na buƙatar takardun inganci da ƙaramar ƙungiyar ƙauye ba ta da ƙarfin samu. A Jambiani wasu matan sun bar mwani gaba ɗaya suka koma kiwon soson teku da taimakon ƙungiyar Marinecultures ta Suwizalan, sana'ar da ta fi kawo kuɗi amma ba ta ɗaukar mutane da yawa.

Gwamnatin Shugaban Zanzibar Hussein Ali Mwinyi, wadda ta kafa ma'aikatar tattalin arzikin teku a 2020, ta raba jiragen ruwa ga masunta da manoman mwani, ta kuma sa hannu a gina masana'antar sarrafa shi a Chamanangwe da ke Pemba, don a tatsi karajinan a gida maimakon loda dila zuwa Turai. Tunanin daidai ne, domin riba mafi tsoka a tatsar take. Amma masana'anta ba ta ɗaga farashin manomiya don kawai an gina ta kusa da ita. Idan ta zama babbar mai saye guda ɗaya, ita ma za ta yanka farashin da ya yi mata, sai in manoman sun haɗa kai suna sayarwa tare, da ma'auni da rumbun ajiya nasu, yadda ba dole ne su sayar ranar da suka shanya ba. Za ta kuma buƙaci kaya mai yawa kowane wata, har da watannin kaskazi da gonakin gaɓa ke mutuwa. Idan cottonii take so, daga ruwa mai zurfi zai fito, kuma har yanzu mafi yawan kwalekwalen da ke kai mutum can a hannun maza suke.